Gawayin gona: abin da manoma ke tsoro da abin da ya kamata a gwada

Ƴan'uwa manoman bakin Komadugu, kun san yadda takin zamani ya yi tsada. A shekarar 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci a jahar Difa. Samun taki da man injin ban-ruwa ya yi wuya, har cinikin tattasai ya tsaya na wani lokaci. Shi ya sa malaman gona ke neman abin da zai taimaki ƙasa ba tare da kuɗi masu yawa ba. Ɗaya daga ciki shi ne gawayin gona.

Mene ne shi? Gawayi ne da ake yi da kara ko rassan itace, a daka shi, a zuba a gona. Ba toka ba ne. Toka takan ƙare cikin ɗan lokaci. Gawayi kuwa yakan daɗe cikin ƙasa shekaru da yawa. Jikinsa cike yake da ƙananan ramuka, su ne ke riƙe ruwa da taki kusa da saiwa. A ƙasar Birazil akwai wata baƙar ƙasa mai albarka, wadda mutanen da suka zuba wa gawayi tun ɗaruruwan shekaru.

Amma manomi yana da tambayoyi, kuma yana da gaskiya. Na farko, karan hatsi abincin dabbobi ne, da shi kuma ake darni. Wa zai ƙone shi? To, kada a taɓa karan hatsi. A nemi busasshen karan tattasai bayan an gama tsinka, da totuwar masara, da rassan itacen ƙayar nan purozopis da ya cika wajen Boso da Ngigimi. A fara shawartar ma'aikatan gandun daji kafin a sara.

Wani kuma zai ce gawayi kuɗi ne a kasuwar Difa, don me zai binne shi? Ai gona ba ta buƙatar manya. Gari da ɓarɓashin da ke saura a gindin buhu sun isa.

Babban abin tsoro shi ne a zuba a ga shuka ta yi ɗorawa. Hakan na faruwa. Sabon gawayi kamar soso yake, yakan tsotse abincin da ke cikin ƙasa ya bar shuka da yunwa. Maganinsa a gauraya shi da kashin dabbobi, a yayyafa ruwa, a rufe kamar sati biyu kafin a kai gona. Kuma a sani, gawayi ba ya maye gurbin taki. Riƙe shi yake yi don kada ruwa ya tafi da shi.

Ya fi amfani a jigawa mai rairayi. Inda kanwa ko gishiri ke fitowa fari a bisa ƙasa, a yi hankali, yana iya ƙara lalata wurin.

Ga yadda ake yi. A gina rami mai faɗin baki da tsukakken gindi. A kunna wuta a ƙasa, a riƙa ƙara kara kaɗan-kaɗan. Da an ga farar toka ta fara fitowa a sama, a ƙara wani. In rami ya cika, a kashe wutar da ruwa sosai.

A noman ranin bana ku ware fangali biyu. Ku sa wa ɗaya taki da gawayi, ɗayan taki kaɗai. Ku rubuta ranakun ban-ruwa da yawan tiyar tattasan kowane, ku kawo takardar ajin yaƙi da jahilci a karanta tare.