Amsar Tambaya: Madubin Hangen Nesa na Farko ga Yaro

Tambaya: Ɗana ya ƙallafa rai ga labarin mutanen da suka sauka a kan wata. Wane madubin hangen nesa zan saya masa?

Amsa: Malam, himmar yaron nan abar godiya ce ga Allah, domin Neil Armstrong da Buzz Aldrin, waɗanda suka taka doron wata a Yulin 1969 yayin da Michael Collins yake kewaya shi cikin kumbon Apollo 11, ba su kai wannan daraja ba sai da ilimin hisabi da haƙuri da jarunta.

Amma game da madubin, kada alƙaluman ninka girma da ake bugawa a jikin kwali su ruɗe ka, gama asirin yana ga faɗin gilashin da ke tara haske, kuma milimita 70 zuwa 80 sun wadatar da mai koyo, muddin ƙafafun madubin ba sa rawa. Ku fara duba wata a daren bakwai ko takwas da tsayuwarsa, sa'ad da inuwa take fito da ramuka da duwatsu sarai, ko da yake tutar da Armstrong da Aldrin suka kafa ba ta ganuwa.

Babban sharaɗi shi ne kada yaron ya kuskura ya dubi rana da madubin, domin yana iya makancewa nan take. Allah ya yi masa albarka.