Darasin Kimiyya: Haɗarin da ke jiran ɗan ci-rani a wurin aiki

Ɗalibai, darasinmu na yau ya shafi kowane gida a ƙasar Arewa. Da zarar an gama yankan gero an cika rumbu, motocin da ke tashi daga Dogon Dutsi, Matankari, Dan Kasari, Kore Mairuwa, Gesheme da Tibiri suna cika da samari. Wasu Sakkwato ko Legas suka nufa, wasu Kwatano ko Abijan, wasu kuma arewa, wajen haƙar zinariya ko Aljeriya da Libiya. Manufar darasin ita ce ku gane cewa raunin da ake samu a wurin aiki yana da dalilai da za a iya aunawa, kuma abin da aka auna ana iya yi masa shiri. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin haɗari ko cutar da suka samu wajen aiki.

Me ya sa abin ya fi faɗa wa ɗan ci-rani? Hausawa sun ce baƙo ko da idonsa makaho ne. Bai san wurin ba, sau da yawa ba ya jin harshen mai ba da umarni, shi ake tura wa aikin da ’yan gari suka ƙi, kuma gwargwadon abin da ya yi ake biyansa, don haka hutawa asara ce a wurinsa. Ku riƙe wannan a zuciya, domin duk abin da za mu tattauna a kansa yake hawa.

Na farko: nauyin ƙasa

Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten cikin jihar Agadas a 2014, aikin rami ya ja dubban matasa daga ko’ina a Nijar. A watan Nuwamba na 2021, ramukan zinariya suka rufta a Garin Liman, cikin gundumar Dan Isa ta jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Ku ɗauko alƙalami mu yi lissafi. A ce ɓangaren bangon rami ya ɓalle, tsawonsa mita 2, tsayinsa mita 1, kaurinsa rabin mita. Idan kun ninka za ku samu kubik mita 1. Ƙasa mai wannan girma tana kai kilo 1,500, wato buhun gero 15 mai kilo ɗari-ɗari. Mutumin da ƙasa ta binne zuwa ƙirji yana iya mutuwa kansa na waje, saboda duk lokacin da ya fitar da numfashi ƙasar tana ƙara matse haƙarƙarinsa, sai ya kasa shaƙar wani. Ruwa yana ƙara wa ƙasa nauyi kuma yana sassauta riƙon da ƙwayoyinta suka yi wa juna, shi ya sa ramin da ya sha damina ya fi na rani mugunta. Haka nan tulin ƙasar da aka fitar, idan aka jibge shi a bakin rami, danna bangon yake yi. A matsar da shi nesa, a tokare bango da itace mai ƙarfi, kuma kada a taɓa ginshiƙin ƙasar da aka bari yana riƙe rufin rami, ko da an hango zinariya a jikinsa. Tsagewar bango, ko rairayi da ya fara zubowa da kansa, alama ce ta a fito nan take.

Na biyu: iskar da ido ba ya gani

A nan zan ɗan daɗe, domin wannan ne ya fi kashe mutane ba tare da sun san me ya same su ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ce. A cikin rami mai zurfi oksijin tana iya raguwa, iskar kabon dayoksaid kuma, wadda ta fi iska nauyi, ta kwanta a ƙasa. Masu ginin rijiya na ƙasarmu, musamman a kan tudu inda ruwa ke da nisa ba kamar cikin Dallol Mawuri ba, sun daɗe da sanin haka: suna zura fitila da igiya, in ta mutu ba mai shiga. Dabara ce mai tushe a kimiyya, tun da wuta ba ta ci sai da oksijin. Amma tana da iyaka biyu. Inda akwai iska mai kamawa da wuta, fitilar ce za ta jawo fashewa. Sannan akwai gubar da fitila ba ta nunawa ko kaɗan.

Sunanta kabon monoksaid. Tana fitowa daga hayaƙin janareta, injin jan ruwa, gawayi da nakiyar fasa dutse. Ba ta da launi, ba ta da wari. A cikin jininmu akwai wani sinadari, himogulobin, wanda aikinsa ɗaukar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Wannan guba tana manne masa da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, sai jini ya yi ta zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Ciwon kai ne ke fara zuwa, sai jiri da tashin zuciya, sai ƙafafu su mutu. Mutum yana ganin igiyar fita amma ba shi da ƙarfin kama ta.

Saboda haka inji ba ya shiga rami, kuma ba a ajiye shi a bakin rami ta gefen da iska ke busowa. Bayan an tashi nakiya sai an hura iska mai kyau an jira. Kuma ga abin da nake so kowannenku ya faɗa wa yayansa: idan wani ya faɗi a ƙasan rami, kada ɗan’uwansa ya diro don ceto. Zumunci ne ke tura shi, na sani, amma iskar da ta kayar da na farko tana nan, kuma sau da yawa gawa biyu ko uku ake fitarwa maimakon ɗaya. Mai shiga rami ya shiga da igiya ɗaure a jiki, a bar mutum a sama wanda ba shi da wani aiki sai lura da shi. Kabon monoksaid ce dai ke kashe ’yan ci-ranin da suka kunna gawayi suka rufe ɗaki a lokacin sanyin Aljeriya.

Na uku: faɗuwa

Duk abin da ya faɗo, gudunsa yana ƙaruwa da kusan mita 10 a kowace daƙiƙa. Leburan da ya zame daga tsayin mita 5 zai iso ƙasa cikin daƙiƙa 1 da gudun kilomita 36 a awa. Dutsen da ya suɓuce daga bakin rami mai zurfin mita 20 yana isa da gudun kilomita 72 a awa. Amfanin hular kwano ke nan: tana baza ƙarfin bugun a wuri mai faɗi, igiyoyin cikinta kuma suna shanye wani kaso. Silifas ba takalmin aikin gini ba ne. Ƙusa ɗaya ta isa ta buɗe wa cutar tetanus mai sarƙe haƙora ƙofa, alhali allurar rigakafinta tana nan a asibiti kafin a kama hanya.

Na huɗu: raunin da ke biyo mutum gida

Ƙurar dutsen da ake daka ko niƙawa tana ɗauke da sinadarin silika. Ƙwayoyinta mafi haɗari sun fi kaurin gashin kai ƙanƙanta sau goma ko fiye, suna wucewa har ƙarshen huhu su bar tabon da ba ya warkewa, kuma mai wannan tabo ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare su. A jiƙa dutse da ruwa kafin a niƙa, a sa takunkumi mai matata. Zaiba da ake kama zinariya da ita, idan aka ƙona ta tururi take zama, ya shiga huhu ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, har hannu ya riƙa rawa. Kada a ƙona ta a ɗaki ko kusa da wurin girki. Ku tuna Zamfara a 2010, inda aka riƙa kawo dutsen zinariya mai gubar dalma ana niƙawa cikin gidaje, yara fiye da 400 suka mutu.

Sai zafin rana. Mai aikin ƙarfi yana iya zubar da lita 1 ta gumi a awa guda, don haka ya sha kofin ruwa duk minti 20 ba sai ƙishirwa ta kama shi ba. Wanda ya fara rikicewa ko sambatu a rana, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa a jiki, a garzaya da shi asibiti. Ƙwayar taramol da wasu ke sha don “ƙarin ƙarfi” ba ta ƙara komai, ɓoye gajiya take yi, ta dusashe hankali a daidai wurin da ake buƙatarsa.

Za ku ji ana cewa abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya da riƙon sababi. Tokare rami da ɗaura igiya sababi ne.

Aikin gida

Ku lissafa nauyin ƙasar da za ta faɗo idan bango mai tsawon mita 3, tsayin mita 2 da kaurin rabin mita ya ɓalle. Ku bayyana dalilin da ya sa fitila ba ta isa ta tabbatar da lafiyar iskar rami ba. Sannan kowannenku ya sami mutum ɗaya a gidansu ko unguwarsu da ke shirin tafiya bana, ya zauna da shi cikin ladabi ya karanta masa sashe na biyu na wannan darasi kafin ya hau mota.