Yadda Ake Kama Ɗakin Haɗaka a Tudun Jukun

Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yakan fara neman makwanci ne ta intanet. Ya biya kuɗin makaranta, ya zauna gadin shafin jami'a, ranar da aka buɗe rabon gadaje ya danna. A harabar Kongo, namijin da ya dace sai ya faɗa hostal ɗin Ali Akilu ko Tafawa Ɓalewa, mace kuwa Bedde ko Sardauna ko ɗaya daga cikin hostal masu lamba. Amma gadajen ba sa isa, kuma ko ka samu, ba kai ke zaɓen waɗanda za ku kwana tare ba. Shi ya sa duk farkon zango za ka ga samari bibbiyu, uku-uku, suna ratsa lungunan Gyallesu da Tudun Wada da Tudun Jukun suna leƙa zaure. Da su da 'yan tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya, wadda ta faro a 1962 a matsayin makarantar horon manyan malamai, yanzu kuma ta zama jami'a, da 'yan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke karatu a reshen Gaskiya, duk ɗaki ɗaya suke nema: mai arha, mai ruwa, wanda za a iya takawa da ƙafa zuwa aji ranar da babu kuɗin keke.

A Tudun Jukun na tashi, na kuma raka ƙanne da 'ya'yan dangi wannan nema har na san inda abin yake ɓaci.

Mutane ake fara nema kafin ɗaki. Sabbin shiga sukan juya lamarin, su kama ɗaki, sannan su shiga neman wanda zai cika musu kuɗi, sai su ƙare da duk wanda ya zo hannu. Mutum uku sun ishi ɗaki guda; ciki da falo na ɗaukar huɗu. In son samu ne, ku kasance 'yan makaranta ɗaya, domin kalandar makarantun nan ba ta tafiya tare. Mai karatun lauya a Kongo shekara 5 ce gabansa, ɗan NCE 3, ɗan difloma 2 sannan ya tafi shekarar koyon aiki. Ranar da wannan ke jarrabawa wancan yana hutu a gida. Zama 'yan gari ɗaya yana da amfani saboda iyaye sun san juna, amma bai isa hujja ba. Ka dubi lokacin barcin mutum, da yawan abokansa, da yadda yake riƙon Naira ɗari ta wani.

Neman ɗakin kansa ba shi da wani sirri. Akwai dillalai, kuma la'adarsu galibi kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin shekara. Sai dai kafin ka je wurinsu, zauna teburin mai shayi, gai da mai wanki da guga, yi magriba a masallacin layin ka tambayi ladan. Su ne suka san ɗalibin da ya ɗaure kayansa jiya. Mafi kyawun ɗakuna ma ba sa kaiwa hannun dillali, mai fita ne ke kama hannun ƙaninsa ya kai shi gaban mai gida ya ce, "Baba, ga wanda zai gaje ni." Akwai ɗakunan da suka daɗe a hannun 'yan gari ɗaya, ana miƙawa daga yaya zuwa ƙane, har da risho da bokiti da labulen ƙofa. Ina son wannan al'ada ƙwarai, kuma ina jin takaicin yadda take raguwa tun da aka koma tallar ɗaki a WhatsApp.

In an nuna muku, ku je ku duka, ku je sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i. Da rana a ɗaga kai a dubi silin ko akwai tabon yoyo, a shafa gindin bango ko yana jiƙa, domin ɗakin da ya bushe ƙayau a Janairu yana iya zama wani abu dabam a Agusta. A leƙa rijiya, a tambayi maƙwabta, ba mai gida ba, ko tana kaiwa Afrilu da ruwa. In ba ta kaiwa, a sa kuɗin 'yan garuwa cikin lissafi tun yanzu. A ƙirga ƙofofin gidan a kwatanta da yawan bayan gida. A tambaya ko mita ce mai kati ko takarda ake kawowa, ko akwai tsohon bashin wuta a kan gidan. Da dare kuwa za ku ji ko bangonku ya jingina da gidan kallon ƙwallo ko injin niƙa. 'Yan mata su ƙara da tambayar ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gida, kuma gidan da matar aure ke zaune a ciki ya fi kwantar wa iyaye da hankali.

Duk wannan mai sauƙi ne. Wurin da ake gane gwani shi ne zaman da ake yi tsakanin ganin ɗaki da biyan kuɗi, kuma shi ne zaman da aka fi tsallakewa.

Dalilin tsallakewar kara ce. An rene mu a kan cewa ba a ƙwanƙwasa wa aboki maganar kuɗi, sai kowa ya ce "ai ba komai, mu da muke 'yan uwa." Wata biyu da tarewa a fara gaisuwa sama-sama. Wanda ya iya abin yakan tara su a inuwa, ya ɗauko littafi da biro, ya fara da kansa don kada wani ya ji an tsarge shi: "Ni dai kuɗina sai ƙarshen wata suke zuwa daga gida, kuma ba kullum suke zuwa cif ba. Kai fa, ɗan uwa?" Da ya buɗe nasa cikin, sai bakin sauran ya buɗe. A nan ake sanin wanda zai iya biyan kasonsa gaba ɗaya da wanda sai an jira shi. In ɗaya zai cika wa wani, a rubuta adadin da ranar biya, a gaban kowa. Rubuta bashi umarni ne da ke cikin Suratul Baƙara, don haka babu wanda zai ce an raina shi.

Daga nan sai tambayoyin da ba su da daɗin ji. Sunan wa za a sa a rasit? Amsar ita ce sunan kowa, ko da mai gida zai ce ɗaya ya isa, domin mai suna a takarda shi ne mai ɗaki ranar da aka saɓa. In wani ya bar makaranta a tsakiyar shekara, ana mayar masa da ragowar kuɗinsa ne, ko shi zai kawo madadinsa, kuma sai sauran sun amince da madadin? In an tafi yajin aiki fa? A 2022 malaman jami'o'i sun yi wata 8 ba su shiga aji ba, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗakuna na kulle, haya na tafiya. Wasu masu gida sun sassauta, wasu sun ce shekara shekara ce. Tun daga lokacin, ɗalibi mai wayo yakan yi wannan magana da mai gida kafin ya zaro kuɗi daga aljihu.

Sai maganar baƙo, wadda ta fi kowace nauyi. Babu ɗan Arewa da zai ga ɗan garinsu ya rasa wurin kwana ya rufe masa ƙofa, kuma bai kamata ba. Amma kwana uku sukan zama zango guda, ɗakin mutum uku ya koma na shida, ruwan da aka saya don wanka ya ƙare kafin asuba. Sai a yanke tun farko: baƙo na da kwana kaza, in ya wuce haka a zauna a yi shawara, in zai zauna ya shiga karo-karo. Haka ma tukunya. Ko dai a haɗa gaba ɗaya, kowa ya zube shinkafarsa da wakensa da garin kwakinsa a wuri guda a riƙa girki bi da bi, ko a raba sarai. Rabi da rabi ba tare da an yanke magana ba ne ke kawo ƙunƙuni, yau "wa ya taɓa min manja", gobe "wa ya ƙarar da gas". Maza galibi haɗawa suke yi. 'Yan mata sukan raba kayan abinci su haɗa kuɗin gas da ruwa, kuma na ga hakan ya fi daɗewa bai lalace ba.

Bayan an gama wannan, biya ba ya ɗaukar lokaci. A tafi da babba, ko kawu ko wani malami ko tsohon ɗalibi, a miƙa kuɗin hannun mai gida ko wakilin da maƙwabta suka tabbatar, a gaban shaidu, a karɓi rasit mai ɗauke da ranar shiga da ranar ƙarewa. Kada a biya dillali kuɗin ɗakin da ba a buɗe muku kun shiga ba. In layin na da mai unguwa kusa, a je a gaishe shi, "Ranka ya daɗe, baƙinka ne, karatu ya kawo su." Gaisuwar minti biyar ce, amma ranar da wata matsala ta taso an riga an san fuskarku.

Ranar tarewa a canza kwaɗo, a yanka makulli adadin masu ɗaki, a yi feshin maganin kuɗin cizo kafin a shimfiɗa leda da katifu. Wurin kwana kan jawo ja-in-ja, saboda kowa na son gefen taga a watannin zafi, kowa na gudunsa in hunturu ya sauko a Disamba. Wasu ƙuri'a suke yi da ƙwayar ashana, wasu su bar wa babba ya fara zaɓa, wasu su riƙa juyawa duk zango. Wanda ya fi kowa tashi da wuri dai a ba shi bakin ƙofa don kada ya riƙa tsallake mutane. Littafin nan na karo-karo a rataye shi a ƙusa bayan ƙofa, a riƙa buɗe shi duk ƙarshen wata, kuma in saura wata biyu haya ta ƙare a je a faɗa wa mai gida ko za a sabunta ko akwai ƙanin da za a kawo masa.