Ido Ɗaya a Amurka, Ɗaya a Ƙofar Gayan

Jikata, amaryar kaka, na ji baffanninki sun sa ki gaba a zaure tun da kika ce tarihi kike karantawa a jami'a a Samaru, har da darasin siyasar Amurka da zaman jama'arta. Wai me za ki ci da labarin mutanen da ba su san da zamanki ba? Kada ki yi musu da manya, kuma kada gwiwarki ta yi sanyi. Matso kusa ki ji.

Tun 1979 muka ari rigar mulkin Amurka muka sa: shugaban ƙasa mai cikakken iko, majalisar dattawa da ta wakilai, da gwamnoni a jihohi. Alhaji Shehu Shagari ne ya fara sa ta. Wanda kuwa ya ari riga, ai ya kamata ya san yadda mai ita ya ɗinka ta, da inda take yawan yagewa. Wannan kaɗai ya ishe ki amsa.

Amma ga abin da nake so ki riƙe. Duk shafin da kika buɗe, ki bar ido ɗaya a can, ɗaya a gida. Za a ba ku labarin Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi wa Bature daga kujerar bas a birnin Montgomery a 1955. Aka kama ta, 'yan'uwanta suka ƙaurace wa bas-bas kwana 381, suna taka sayyada zuwa wurin aiki, har kotu ta soke wariyar. To idan kin dawo hutu, ki tsaya a bakin asibitin nan namu na Ƙofar Gayan ki karanta sunan da ke jikin allon: Hajiya Gambo Sawaba. A Zariyar nan ta tashi. Ta sha duka, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba a zamanin jam'iyyar NEPU, don tana neman a bar mace ta jefa ƙuri'a. Matan Amurka sun samu wannan 'yanci a 1920, matan Arewa kuwa ba su zaɓi shugabannin ƙasa ba sai 1979. Ki tambayi kanki me ya jawo wannan tazara. A nan karatun yake.

Haka idan kuka zo kan bauta, wadda Amurka ta haramta a 1865 bayan yaƙin basasa, kada ki yi saurin tofa musu yawu. Ƙasar Zazzau ma ta san rinji, inda bayi ke noma wa iyayengijinsu, kuma sai a 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewa. Mai karatun tarihi ba ya ɓoye miki don na gidansu ne.

Sannan kada ƙyalƙyali ya ruɗe ki. Ƙasar da ta kai mutum duniyar wata a 1969, shekara 4 kacal kafin nan ta yi dokar da ta tabbatar wa baƙar fata ƙuri'arsa. Ki yaba abin yabo, ki kushe abin kushe, duka da hujja. Sashen da kike ciki na su Abdullahi Smith ne da Yusufu Bala Usman, mutanen da ba sa haɗiye magana don Bature ya rubuta ta. Wa ya rubuta? Yaushe? Wa yake karewa? Ki riƙa ajiye wayar nan, ki shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ki zauna da littafi har ki ƙure shi.

Ki yi haƙuri da baffanninki, ƙauna ce ta sa su surutu. Ranar da kika gama, ki zo ki zauna a tabarmar nan ki ba ni labarin Amurka da Hausa, yadda kakarki ma za ta gane. Allah ya yi miki albarka, ya sa ilimin ya amfane mu baki ɗaya.