Kafin ka sayi tsohon injin kwalekwale

Ɗan'uwa, in ka ci karo da tsohon injin kwalekwale, irin Yamaha da masuntan Baga ke ji da shi, kada araha ta rufe maka ido. Ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumban 2024 ta shiga har Kasuwar Litinin, kuma injin da ya kwana a ruwa, tsatsa ke cinsa ta ciki. Tsiyayo man giya: in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. A tayar da shi cikin ganga mai ruwa, domin a bushe robar famfonsa ƙonewa take. Ka tabbata yana tsarto ruwa. Kafireto wanki yake so, farfela ana samu. Amma in bulon injin ya tsage, bar wa mai shi kayansa.