Tsiron Shimfiɗar Mahaifa da Tasirin Daɗewa Kan Magungunan Homon

A bakin Bahaushe kalmar ƙari ta haɗe abubuwan da likitanci ya rarrabe. Ƙarin da ya fi shahara a mahaifa daga tsokarta yake fitowa. Wanda wannan maƙala ta duba kuwa tsiro ne na shimfiɗar ciki, wato ɓangaren da yake kauri ya zube a kowane wata. Yakan fito da ɗan wuya ko ya zauna daram a jikin shimfiɗar, girmansa daga 'yan milimita zuwa santimita da dama. A tsarin da ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta fitar a 2011, shi ne na farko a jerin abubuwan da ke sa mace zubar jini ba bisa ƙa'ida ba. Galibinsa ba sankara ba ne, sai dai haɗarin rikiɗewarsa yakan ƙaru bayan ɗaukewar al'ada.

Tushen lamarin homon biyu ne. Istirojin ke gina shimfiɗar, firojastaron kuma ke taka masa burki. Idan na farkon ya daɗe yana aiki ba tare da na biyun ba, sai shimfiɗar ta yi kaurin da ya wuce kima. An gane hakan ne bayan an sha wuya: a 1975 mujallar New England Journal of Medicine ta buga bincike biyu da suka danganta shan istirojin shi kaɗai da sankarar mahaifa a matan Amurka. Daga nan aka koma haɗa shi da dangin firojastaron ga duk matar da ba a cire wa mahaifa ba. Haɗin ya kare shimfiɗar, amma binciken da aka dakatar a 2002 a Amurka ya nuna ƙarin sankarar mama da daskarewar jini ga masu shan sa.

Batun tamoksifen ya fi sarƙaƙiya. Maganin sankarar mama ne da ake sha shekara 5, wani lokaci har 10. A mama yana toshe aikin istirojin, a mahaifa kuwa kwaikwayonsa yake yi. Saboda haka tsiron da ake samu a masu shan sa yakan fi girma, kuma haɗarin sankarar shimfiɗa yakan ninka sau 2 zuwa 3, musamman ga waɗanda al'adarsu ta ɗauke. Duk da haka amfaninsa ya rinjayi illarsa nesa ba kusa ba, don haka barin sa ba da sanin likita ba ganganci ne.

Inda nazarin harshe ya shigo shi ne wajen sunan da ake ba jinin. Matar da ta ga jini bayan shekaru da ɗaukewar al'ada tana iya cewa al'ada ce ta dawo, ko ta kira shi istihala ta nemi hukuncin sallarta. Tambayar fiƙihu tana da muhallinta, sai dai ba ta bayyana musabbabin jinin. Likita zai fara da hoton mahaifa ta farji, idan ya ga alama sai a shigar da siririyar na'ura mai kyamara a cire tsiron, a kai shi ɗakin gwaji a tantance ko na sankara ne.