Bari Dalilin Daina Ƙwaya Ya Fito Daga Bakin Mai Sha

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. Asibitoci, ƙungiyoyi da hukumar NDLEA na da masu ba da shawara, sai dai da yawansu da wa'azi suke fara aiki. Matashi ya zauna, a zayyano masa illar tiramadol da kodin, a tuna masa hawayen mahaifiyarsa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya ce: "Ni fa ba ɗan ƙwaya ba ne, ranar da na ga dama zan daina." Da zarar ka ɗauki ɓangaren dainawa, shi zai kare ɓangaren sha, kuma abin da ya ji bakinsa na faɗa shi zai ƙara riƙewa.

Wannan ne William Miller, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya lura da shi wurin masu shan giya, ya fito da hanyar hirar zaburarwa a 1983, daga baya ya rubuta littafi a kanta tare da Stephen Rollnick a 1991. Tushenta shi ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin mai ba da shawara ya jawo dalilin da ke zuciyar mutum tun asali.

Mai horar da masu ba da shawara a kan wannan hanya ya dage kan abu huɗu. Tambayar da ba a amsa ta da "e" ko "a'a": "Yaya rayuwarka take kafin ka fara?" Yabo na gaskiya a kan ƙoƙari, ko da zuwan da ya yi ne. Mayar masa da maganarsa: "Ƙwayar na ba ka ƙarfin aiki, amma kana tsoron 'yarka ta gan ka a buge." Sai taƙaita hirar a ƙarshe. A koya musu ma'auni kuma: "Daga 0 zuwa 10, yaya muhimmancin dainawa yake a wurinka?" Idan ya ce 4, a tambaye shi me ya sa bai ce 1 ba. Nan zai fara lissafo dalilansa da kansa.

Bitar kwana biyu ba ta isa ba. Nazarin Miller da abokan aikinsa ya nuna ƙwarewar na dushewa idan babu bibiya. Don haka ɗalibai su riƙa gwaji a junansu, su naɗi hirarsu da izinin mai neman taimako, malami ya saurara ya ƙirga: wa ya fi yawan magana? Sau nawa aka katse shi?

Masu horarwa, ku fara koya wa ɗalibanku sauraro kafin nasiha. Wanda ya furta dalilinsa da bakinsa ya fi kusa da dainawa.